Kasuwar da Ake Sayen Sauti da Ido

Daga tashar King's Cross ta Landan zuwa Peterborough, jirgin ƙasa mai sauri ba ya cika awa ɗaya. In ka sauka ka karkata gabas a mota, sai tuddai su ƙare ƙaf, ka faɗa ƙasar da mutanen wurin ke kira Fens. A da fadama ce tsantsa, ruwa da ciyawa da sauro, har aka ɗauko wani injiniya ɗan Holan, Cornelius Vermuyden, a ƙarni na 17 ya tsaga mata magudanai. Yau baƙar ƙasa ce a shimfiɗe iyakar ganinka, an cika ta da dankali da alkama. A wasu wuraren kogi ya fi hanya tudu, domin da ƙasar ta bushe sai ta lotsa, aka bar ruwan a sama tsakanin ganuwa biyu.

Kawuna ne ke tuƙi. A can ya yi furfura, yana gyaran na'urorin asibiti har ya yi ritaya, kuma tun daga nan garejinsa ya zama asibitin tsofaffin rediyo. Ni kuwa abin da ya kawo ni shi ne wani akwatin fayafayai da mahaifinmu ya bari a Kano: Shata, Ɗan Maraya, Rex Lawson, da wasu masu nauyi na zamanin garmaho waɗanda in suka faɗi ƙasa sai dai a share. Babu abin da zai kunna su a gidan. Da na faɗa wa Kawu ina neman na'ura, sai ya ce kada in kuskura in shiga kanti, in bari mu je gwanjo.

Ɗakin gwanjon wani tsohon rumbun hatsi ne a bayan wani ƙaramin gari, rufin kwano, sanyi yana ratsa tafin takalmi. Ranar da muka fara zuwa ranar kallo ce, wato jajiberin ciniki, inda ake buɗe ƙofa kowa ya zo ya duba kaya. Kujeru a kan tebura, agogunan bango, kwalayen littattafai, kekuna, darduma a naɗe, kowanne da 'yar takarda mai lamba a manne. Yawancinsu kayan mamata ne. A nan in tsoho ya rasu, sau da yawa 'ya'yansa suna wani gari, gidajensu ƙanana, sai su zaɓi hotuna da abin da ya fi ƙarfin zuciyarsu, sauran kuma su kira masu kwashe gida. Ba a zaman rabon gado irin namu inda har buta sai an yi mata kuɗi. Mai gwanjo ne ke yi wa komai kuɗi, a gaban baƙi.

Kayan sauti suna can ƙarshen ɗakin, a kan dogayen katakai. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shirun wurin. Ga amfilifaya, ga lasifika manya da ƙanana, ga na'urorin juya faifai a jere, amma ko tari babu wadda ta yi. Wasu ma an datse musu filogi da almakashi. Dalili kuwa doka ce: ba a yarda ka sayar da kayan lantarki na hannu ba sai ka tabbata ba za su ja mutum ba. Saboda haka gidan gwanjo ko dai ya sa a gwada lafiyar wayoyin a manna 'yar takarda, ko ya yanke igiyar ya rubuta a kundin kaya cewa ba a gwada ba, yadda ka gani haka ka saya. Ita ma 'yar takardar ba ta ce abin yana waƙa ba. Cewa kawai ta yi ba zai kashe ka ba.

“Kawu, wannan ai cinikin biri a sama ne,” na ce masa.

“Ga wanda bai iya ba,” in ji shi. “Kai, ko sun ce za su kunna maka, ka ce a'a.”

Ya yi mini bayani a tsaye. A cikin kowace amfilifaya akwai wasu ƙananan gwangwanaye da masu gyara ke kira kafasita, masu tara wuta su tace ta. Akwai ruwan sinadari a cikinsu, kuma in na'ura ta shekara ashirin a ɗakin ajiya, ruwan yakan bushe ko rufin cikin ya lalace. Ka ba ta cikakkiyar wuta kwatsam, sai kafasitar ta zama hanya a buɗe, wuta ta kwarara, taransifoma ta ɗau zafi ta ƙone. Kafasita kuɗin shayi ce, ana samun sabuwa ko'ina. Taransifomar da aka naɗe a 1958 kuwa, in ta tafi, rabin darajar kayan ya bi ta. Shi ya sa a wajen masu abin, na'urar da ba a taɓa ba tun da mai ita ya rasu ta fi wadda jikansa ya jona “don ya gani”.

To da me ake saye in ba kunne? Na bi shi a baya ina kallo. Da hanci ya fara: ya kai fuskarsa ga ramukan iska ya shaƙa, domin ƙaurin taransifomar da ta ƙone ba ya fita ko bayan shekaru. Sai ya ɗaga abin ya ji nauyinsa. Sai ya haska kawunan kusoshi da 'yar tocila, in sun cinye, wani ya riga ya shiga ciki, kuma ba kowane mai shiga ne gwani ba. Wajen lasifika sai ya cire marfin gaba, ya sa yatsu a hankali ya tura takardar ciki ya saurara ko tana goga. Ya fito da ƙaramin batir na tocila ya taɓa wayoyinta, ta yi ɗan “ƙas”, ya gyaɗa kai. Ba shi kaɗai ke wannan ba. Akwai wasu dattawa uku ko huɗu, kowa da tocilarsa da mitarsa a aljihun kwat, suna gaisawa da ka, ba wanda ke barin ɗan'uwansa ya ga inda idonsa ya daɗe.

A kan katakon akwai tarihin masana'antar Ingila kusan gaba ɗaya. Ga Leak Stereo 20, wadda kamfanin Harold Leak ya fitar a 1958, da kwalabenta na bawul a tsaye a fili, wat 10 kacal a kowane ɓangare. Ga tagwayen Quad II, ƙirar Peter Walker ta 1953, wat 15 kowacce, da manyan bawul samfurin KT66. Kawu ya kifa ɗaya ya nuna mini wani baƙin abu da ya tsiyayo ya daskare a gindinta. Kwalta ce. Da ita aka cika gwangwanin taransifomar, kuma ba ta narkewa sai abin ya yi zafin da bai kamata ba. Ya mayar ya ajiye bai ce komai ba. Ga wasu manyan akwatunan Tannoy na shekarun 1970, da ya taɓa soson da ya kewaye bakin lasifikar sai ya marmashe a yatsansa. Wannan, ya ce, ba ciwon mutuwa ba ne, ana sake wa, sai dai ka cire kuɗin aikin daga tayinka.

Sai kuma Garrard 301, na'urar juya faifai da aka ƙera a garin Swindon tun farkon rabi na biyu na ƙarni na 20, wadda gidajen rediyo suka yi aiki da ita shekara da shekaru. Kamfanin asalinsa reshe ne na Garrard masu yi wa gidan sarautar Ingila kayan ado. Ba bel ke juya ta ba, wata 'yar tayar roba ce ke shiga tsakanin injin da farantin. Wanda ya sani yana duba launi: ta farko mai ruwan toka, wadda ake sa wa giris a gindi, ta fi mai ruwan madara tsada. Kawu ya hana ni taɓa ƙarafan ƙarƙashinta, ya ce an shafe su da wani ƙarfe mai guba, kadmiyam, kuma in ya tsufa gari yake yi.

A ƙarshen layi na ga wasu 'yan akwatuna biyu, tsawon kowanne bai fi santimita 30 da 'yan kai ba, an sa su a cikin kabad ɗin gilashi an kulle kamar zinariya. Sunansu LS3/5A. Injiniyoyin BBC ne suka tsara su a tsakiyar shekarun 1970, don a riƙa sauraren shiri a cikin motocin watsa labarai inda babu filin babbar lasifika, aka ba kamfanoni irin su Rogers da Spendor da Harbeth lasisin ƙerawa a kan ƙa'ida ɗaya. Duk wanda ya tashi da Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ya san sunan Bush House. Da gidan rediyon ya tashi daga wannan gini a watan Yulin 2012, gwanjo aka yi wa kayan ɗakunan shirye-shiryen ta intanet: teburan haɗa sauti, makirufo, na'urorin tef, har da fiyano. Wato na'urorin da muryoyin da muka sani suka bi ta cikinsu, yau suna warwatse a falon mutanen da ba su taɓa jin Hausa ba.

Washegari muka dawo da wuri. Ka nuna katin shaida, ka rubuta adireshi, a ba ka kwali mai lamba. Kafin mu zauna Kawu ya karɓi kundin hannuna ya ce in rubuta iyakar abin da zan biya a gefen kowace lamba, da biro, ba fensir ba. Sannan ya sa na yi lissafin da baƙo ke mantawa. Kuɗin da guduma ta faɗi a kai ba shi ne kuɗin kaya ba. Gidan gwanjo na karɓar la'ada daga mai saye, a wannan gidan kashi 25 cikin 100, sannan gwamnati ta ɗora harajinta na kashi 20 a kan la'adar. Ka taya fam 100, fam 130 za ka ƙirga. Wanda ya taya ta intanet kuma akwai ƙarin kusan kashi 5 na masu dandalin. Shi ma mai kaya ana cirar la'ada daga nasa. Dillalin nan ta baki biyu yake ci, kuma a rubuce yake a bayan kundi, da ƙananan haruffa.

Mai gwanjon mace ce, mai matsakaicin shekaru, a kan wani dandamali, da 'yar guduma a tafin hannu da allon kwamfuta a gabanta. Sauri take kamar ana korarta, kaya wajen ɗari a awa guda. Babu “albarka”, babu “ƙara dai”, babu rantsuwa da abin da aka sayo. Ta faɗi lamba, ta nemi tayin farko, in ba a motsa ba ta sauko, in an ɗaga kwali ta hau. Idonta na yawo tsakanin ɗaki, da wata yarinya mai riƙe da waya a gefe, da allon. Mu da ke zaune ba mu kai arba'in ba, amma rabin cinikin da mutanen da ba a gani ake yi.

A nan wani abu ya tsaya mini a rai. Akwai lokacin da na ga tana nuna bayan ɗaki tana cewa an taya, na waiga ban ga kowa ba sai wata tsohuwar kabad. Kawu ya raɗa mini cewa mai kaya yakan sa ƙaramin farashin da ba za a sallama ƙasa da shi ba, kuma in an shelanta a sharuɗɗa, mai gwanjo na iya tayawa a madadinsa har a kusa wannan iyaka. Dokarsu ta yarda. Abin da ta hana, tun wata doka ta 1927, shi ne dillalai su haɗa baki su ƙi taya wa juna don kaya su faɗi, su je bayan fage su raba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya yi babin ciniki zai tuna najashi, wato ka taya kaya ba don kana so ba sai don ka ruɗi wani ya ƙara, abin da shari'a ta hana, alhali shi gwanjon kansa malamai sun halatta. Ni dai a ganina tayin kabad ɗan'uwan najashi ne, ko da an rubuta shi a bayan kundi. Maganinsa ɗaya ne, shi ne lambar nan da aka rubuta da biro.

Kafin a iso kayan da muke jira, aka kawo wata rediyogiram. Doguwa ce, katako mai sheƙi, ƙafafu huɗu sirara, rediyo a gefe, wurin faifai a tsakiya, irin wadda a shekarun 1960 da 1970 in ka shiga falon babban ma'aikaci a Kaduna ko Zariya ita za ta fara yi maka maraba, da saƙaƙƙen kyalle da hoton aure a kanta. Matar ta nemi fam 20. Shiru. Fam 10. Fam 5. Ta ɗaga kai ta dubi ɗakin, ta wuce. Ban ji daɗi ba, amma na gane dalili. Hannun allurarta nauyi gare shi, yana cin faifai. Lasifikarta na cikin akwati ɗaya da farantin, sauti na girgiza allura. Ga cin wuri. An yi ta ne don ado da ɗan kiɗa, kuma adon ya wuce. Kawu ya ce in ma wani ya saya, bawul ɗin Mullard da ke ciki zai zare, na tsohuwar masana'antar Blackburn, ya kai katakon juji. Yanzu sababbin bawul daga Rasha da Sulobakiya da Sin suke fitowa, masu abin kuwa sun fi son tsofaffin.

Da aka zo kan 'yan akwatunan BBC, ɗakin ma bai samu ya sa baki ba. Allon ne ya yi ta tsalle shi kaɗai, tayi na bin tayi, har ya haye fam dubu ya ci gaba. An daɗe da sanin cewa masu sha'awa a Hong Kong da Japan da sauran gabashin Asiya ne suka ɗaga kasuwar waɗannan, suna bin lambar jiki, suna son ta farko mai om 15 fiye da ta baya mai om 11. Ba na musun kyansu wajen fitar da muryar ɗan Adam, don ita aka yi su. Amma lasifikar da faɗinta bai fi tafin hannu ba ba za ta ba ka ƙasan ganga ba, ko nawa ka biya. Wani kaso mai yawa na wannan kuɗi na haruffa ukun nan ne. Garrard ma haka ta tafi, ta waya, ga wani da ba mu ji ko muryarsa ba.

Ni abin da Kawu ya sa na yi wa alama daban ne, kuma babu wanda ya yi masa rububi. Na farko Goldring Lenco GL75, ƙirar Suwizalan ta ƙarshen shekarun 1960, wadda aka sayar da ita da yawa a Ingila har ta zama ba abin alfahari ba. Farantinta ya kai kilo 4. Tana juya faifai a gudu 16 da 33 da 45 da 78, wato har na zamanin garmaho za ta ɗauka in an sa mata allura mai kauri. Babban abin kuwa shi ne sandar injinta tsinin fensir gare ta, tayar roba na zamewa a kanta, saboda haka kana iya daidaita gudun yadda ka so. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai zama a Kano. Irin waɗannan injuna suna bin bugun wutar gari, wadda ya kamata ta kai ta komo sau 50 a daƙiƙa, amma janareta ba ta san wannan alkawari ba. In ta yi sanyi sai Shata ya koma magana da muryar wani. Da Lenco sai ka tura 'yar sanda ka dawo da shi. Kuma kayan Ingila sun dace da mu ta wajen wuta: ƙarfinta 230, bugunta 50, filoginta mai ƙafa uku, duk irin namu. Na Amurka 120 ne da bugu 60, na Japan 100, in ka kwaso su sai ka haɗa da wahala.

Na biyu Quad 33 da 303, amfilifaya mai tiransista da kamfanin ya fitar a 1967, wat 45 a kowane ɓangare, ruwan toka da maɓallai masu ruwan lemo. Ba ta da kwalabe masu haske da za a nuna wa baƙo, kuma shi ya sa ba ta zafi kamar murhu a watan Afrilu. Wani dattijo mai hular ulu ya bi ni kaɗan ya saki. Guduma ta faɗi a fam 260, Lenco kuma a fam 90. A tagar biya aka ce fam 455.

A hanyar komawa Kawu ya bi da mu ta Huntingdon, garin da aka haifi Oliver Cromwell a 1599, a bakin kogin Great Ouse. Nan Peter Walker ya kawo kamfaninsa a 1941 bayan bam ya rushe masa wurin aiki a Landan, nan aka ƙera abin da ke bayan motarmu. Tun 1997 kamfanin ya koma hannun wasu masu jari da ke yin yawancin ƙirarsu a Sin, amma har yanzu akwai sashen gyara a garin da ke karɓar tsofaffin. Ba mu tsaya ba, yamma ta yi, kantuna sun rufe.

A gareji na ga abin da na saya da gaske. Kusoshi kaɗan Kawu ya kwance marfin 303 ya fita, komai a fili: allunan da ake zarewa da hannu, kowane ɓangare da lambarsa, ga taswirar wayoyin da kamfanin da kansa ya wallafa. An yi ta ne da sanin cewa wata rana za ta lalace kuma wani zai buɗe. Kwatanta da lasifikar bulutus da ke cika kasuwanninmu yau, wadda aka liƙe da gam, batirinta na mutuwa a jefar. Duk tsadar da na gani a ɗakin gwanjon, in ka cire ta suna, a kan wannan take tafiya: abin da zai gyaru shi ke da kuɗi. Abin haushin shi ne mu ne muke da masu gyara. Kowace unguwa a da tana da mai rediyo da ƙarfen dalmarsa a kan gawayi ko a soket, wanda ke gane ciwo da jin ƙara. Da kayan suka daina gyaruwa sai yaransu suka koma Farm Centre suna canza gilashin waya, mu kuma muka sayar wa 'yan gwangwan da Grundig ɗin iyayenmu a kan kilo.

Bai jona ta kai tsaye ba. Ya bi da wutar ta cikin wani tsohon ƙwan fitila mai zare, ya ce in akwai inda ya haɗe a ciki, ƙwan zai kama da haske ya tsaya, ya shanye wutar kafin ta yi ɓarna. Ya kunna. Ƙwan ya yi haske, ya dushe. Duk da haka ya ce manyan kafasita huɗun nan sai an sauya su kafin ta hau jirgi, su ma robobin da hannun Lenco ke zaune a kansu sun narke, kamar yadda suke yi a kusan kowacce. Ya rubuta mini sitabilaiza a takarda ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Rigimar da ta rage ta nauyi ce. Jakar jirgi kilo 23 ce, ita 303 kaɗai ta kai 8, ga farantin da dole a cire a naɗe shi daban don kada ya karya gindinsa a hanya. Muna cikin aunawa a sikelin banɗaki Hajiya, matar Kawu, ta leƙo da wata jaka cike da takalma da man shafawa da za a kai wa 'yan'uwanta a Gwammaja.

“Hajiya, wallahi babu wuri,” na ce.

Ta dubi ƙarafan da ke shimfiɗe a ƙasa, ta dubi mijinta.

“Alhaji, kai ka kai yaron nan wurin tarkacen mutane, kai za ka biya kuɗin jaka ta biyu.”